Neman magaji tun mai gida na kan ƙafarsa: Yadda Kansas City Chiefs ta sauya kwatabak

Ranar 15 ga Janairu, 2017, ƙungiyar Pittsburgh Steelers ta je filin Arrowhead da ke birnin Kansas, ta doke masu gida da maki 18 da 16, ta yi waje da su daga gasar. Abin da ya fi ƙona wa magoya bayan Chiefs rai shi ne baƙin ba su kai ƙwallo gidan maki ko sau ɗaya ba. Sau shida Chris Boswell ya buga ta tsakanin sanduna, kowane bugu maki uku, iyakar abin da suka samu ke nan, kuma ya ishe su. Masu tsaron gida sun sauke nauyin da ke kansu, 'yan kai hari ne suka gaza. Wannan kuwa ƙungiya ce da ta ci wasa 12 cikin 16 a kakar, ta kuma zo ta ɗaya a rukuninta.

A ƙwallon ƙafa irin na Amurka, duk lokacin da hari ya ci tura, mutum ɗaya ake kallo, shi ne kwatabak. Shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane yunƙuri. Shi ke jin umarnin koci ta na'urar da ke cikin hular kwanonsa, ya isar wa sauran goma, ya dubi yadda abokan hamayya suka jeru, in ya ga tarko ya sauya dabara nan take. Da ƙwallo ta shiga hannunsa yana da daƙiƙa biyu zuwa uku ya zaɓi wanda zai jefa wa, alhali ƙarti masu nauyin fiye da kilo 120 na rugowa su kayar da shi. A ƙwallon Turai da muka saba kallo, koci na iya ajiye ɗan gabansa mafi ƙwarewa ya kuma ci wasa. A gasar NFL mai ƙungiyoyi 32 da wuya hakan ta yiwu. Shi ya sa da an kammala wasan ƙarshe na Super Bowl a watan Fabrairu, tambayar farko da ke gaban kowane mai ƙungiya da manajansa da kocinsa ita ce: wa zai riƙe mana ƙwallo a watan Satumba?

Hanyoyin amsa ta ba su da yawa. Ko a ci gaba da wanda ake da shi a ƙara masa kuɗi, ko a ɗauko wanda kwantiraginsa ya ƙare idan kasuwa ta buɗe a tsakiyar Maris, ko a yi musaya da wata ƙungiya, ko kuma a jira zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i a ƙarshen Afrilu. Ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar yadda ake yi a Ingila ko Sifaniya. Abin ciniki shi ne 'yan wasa da guraben zaɓe. Zaɓen nan zagaye bakwai ne, kuma ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ke fara ɗauka, zakara ta zo ƙarshe. Ma'ana, ƙungiyar da ke cin wasa amma ba ta cin kofi ita ce ta fi kowa shiga tsaka mai wuya: ba ta lalace ba balle ta samu gurbin sama, ba ta kuma kai ta ɗaga kofi ba.

Halin da Chiefs ke ciki ke nan. Kwatabak ɗinta, Alex Smith, ba abin rainawa ba ne. A 2012 ƙungiyar wasa 2 kacal ta ci, ta sha kashi a 14. Da koci Andy Reid ya zo a 2013, ya ɗauko Smith daga San Francisco 49ers, a duk shekarun da Smith ya yi da su ba su kammala kaka da rashin nasara fiye da nasara ba. A Janairun 2016 suka lallasa Houston 30 da nema, nasararsu ta farko a zagayen sili-ɗaya-ƙwale tun Janairun 1994. Smith mutum ne mai taka-tsantsan, ba ya ɓarar da ƙwallo, ba ya jefa ta inda ba ya gani. Sai dai taka-tsantsan ɗin nan yana da iyaka. A duk kakar 2014 babu ko ɗaya daga cikin 'yan gefensa masu cafke jifa da ya ci tacdawun, wato ya kai ƙwallo gidan maki, abin da har yau ake tuna musu. A lokacin da ake buƙatar wanda zai ɗauki wasa a kafaɗarsa ya ƙwato shi daga hannun kwatabak irin Tom Brady ko Ben Roethlisberger, sai a tarar ƙarfin bai kai ba.

Yawancin ƙungiyoyi a irin wannan hali haƙuri suke yi, su ce a ƙaro ɗan gefe ɗaya, a gyara masu tare gaba, a sake gwadawa baɗi. Ba laifi ba ne, domin koci da manaja su ma aikinsu suke karewa, kuma wanda ke cin wasa 11 ko 12 a shekara ba a cika korarsa ba. Ga kuma tsohon tabo: rabon Chiefs da ta ɗauki kwatabak a zagayen farko tun 1983, lokacin da ta zaɓi Todd Blackledge a gurbi na 7, ta bar Jim Kelly da Dan Marino, waɗanda daga baya duk suka shiga sahun gwarzayen wasan. Shekara 34 ƙungiyar ta yi tana cin moriyar waɗanda wasu suka raina suka saki. Ko a zamanin Christian Okoye, ɗan asalin Inugu da ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar a 1989 da yadi 1,480, ƙarfin ƙungiyar a ƙafa yake da tsaro, ba a hannun mai jifa ba.

Daren 27 ga Afrilu, 2017, a birnin Filadelfiya, Chiefs na riƙe da gurbi na 27. Chicago Bears ta riga ta ba da gurabe ta matsa daga na 3 zuwa na 2 ta ɗauki Mitchell Trubisky, wanda wasa 13 kawai ya taɓa farawa a jami'ar North Carolina. Da aka iso gurbi na 10, wanda na Buffalo Bills ne, sai aka sanar da ciniki. Chiefs ta miƙa gurbinta na 27, da na zagaye na uku, da kuma gurbin zagayen farko na shekara mai zuwa, ta hau sama da mataki 17 ta kira sunan Patrick Mahomes na jami'ar Texas Tech.

Yau abin na kama da shawara mai sauƙi. A wancan dare ba haka yake ba. Yaron ya jefa fiye da yadi 5,000 a kakarsa ta ƙarshe a jami'a, amma ƙungiyarsa wasa 5 ta ci ta faɗi 7. A wani wasa da Oklahoma ya jefa yadi 734, aka kuma ci su 66 da 59. Masu sharhi da dama na ganin tsarin wasan jami'arsu ne ke kumbura alƙaluman, domin waɗanda suka fito daga irin wannan tsari a baya ba su taɓuka abin kirki ba a NFL. Ana cewa ƙafafunsa ba sa tsayawa daidai, yana jifa yana gudu, yana jifa ta gefe kamar ɗan wasan besbol, wanda kuwa sana'ar mahaifinsa ce. Wanda ya nace a kansa a cikin gida shi ne Brett Veach, jami'in farautar 'yan wasa, da ya yi ta tura wa Reid faifan bidiyon yaron har kocin ya zauna ya duba da kansa. John Dorsey ne babban manaja a daren cinikin. Watanni biyu bayan haka aka sallame shi, Veach ya gaje shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin nan ba idon da ya hango Mahomes ba ne. Abin da suka yi da shi bayan sun same shi ne: suka zaunar da shi a benci shekara guda cur. Sun iya yin haka ne saboda ba a matse suke ba. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma yawancin ƙungiyoyin NFL sai ranar tafiyar suke neman wuƙa. Sai komai ya rushe, an sha kashi 13 ko 14, magoya baya sun ƙaurace wa fili, sannan a ɗauko yaro ɗan shekara 21 a ɗora masa ƙungiyar da ba ta da masu kare shi, ba ta da masu cafke jifansa, kocinta kuma na jiran takardar sallama.

Babu wanda ya san ɗacin wannan kamar Alex Smith ɗin kansa. Shi ne na ɗaya a zaɓen 2005, yana da shekara 20, San Francisco ta jefa shi fili a kakarsa ta farko cikin ƙungiyar da ta lalace. Tacdawun ɗaya ya jefa, abokan hamayya suka cafke jifansa sau 11. Kusan kowace shekara sai a kawo masa sabon mai tsara hari da sabon littafin dabaru, ga ciwon kafaɗa, ga ihun magoya bayansa a kansa. A wannan zaɓen ne Green Bay Packers ta ɗauki Aaron Rodgers a gurbi na 24, ya zauna shekara uku yana kallon Brett Favre kafin a miƙa masa ragama. Smith bai samu kansa ba sai da koci Jim Harbaugh ya zo a 2011, suka ci wasa 13. Shekara ta zagayo yana tsakiyar wasa mafi kyau a rayuwarsa zuwa lokacin, ya bugu a ka a watan Nuwamba, Colin Kaepernick ya shiga a madadinsa, kuma ko da ya warke ba a mayar masa da gurbinsa ba. Daga gefen fili ya kalli ƙungiyarsa a Super Bowl.

To wannan mutumin ne aka sake kawo wa yaron da kowa ya san zai karɓe masa aiki. Babu wata doka da ta ce sai ya koya masa komai, kuma tarihin gasar cike yake da manyan da suka ɗaure fuska suka ce koyarwa aikin koci ne. Smith ya buɗe masa ƙofa. Tare suke zama kallon faifan abokan hamayya, yaron na ganin ƙarfe nawa babba ke isowa, yadda yake raba kwanakin mako, me yake nema a tsayuwar masu tsaro kafin a saki ƙwallo. Mahomes ya sha faɗa a bainar jama'a cewa wannan shekarar ta gina shi, Reid ma haka. Smith kuma bai tsaya ga koyarwa ba, a 2017 ya buga kakar da ta fi kowace kyau a rayuwarsa: yadi 4,042, tacdawun 26, jifa 5 kawai aka cafke masa, kuma shi ya zo na ɗaya a ma'aunin ƙwarewar masu jifa na gasar baki ɗaya. Mutumin da ake zargi da tsoron dogon jifa ya koma yana harba ta nesa ga Tyreek Hill.

Nan ne shawarar ta yi nauyi. Ta yaya za ka sallami wanda ya fi kowa maki a bana saboda yaron da bai buga komai ba? Wasanni biyu ne suka share hanya. Na farko ranar 31 ga Disamba, 2017, a Denver. Chiefs ta riga ta samu gurbinta a zagaye na gaba, sai Reid ya hutar da manya ya saka Mahomes tare da 'yan benci. Ya jefa 35, abokan wasansa suka cafke 22, yadi 284. Bai jefa tacdawun ba, an ma ƙwace masa jifa ɗaya. Da suka yi nisa a gaba aka cire shi, wanda ya canje shi ya saki ƙwallo Denver ta ɗauka ta ci, daga baya wasa ya dawo kunnen doki, sai aka mayar da yaron. Ya ja su har inda Harrison Butker ya buga bugun nasara, aka tashi 27 da 24.

Na biyu bayan kwana shida, a Arrowhead, da Tennessee Titans. Chiefs na gaba da 21 da 3 aka tafi hutun rabin lokaci, amma mai cafke jifanta Travis Kelce ya riga ya fita saboda buguwa a ka. Da aka dawo, kwatabak ɗin Titans, Marcus Mariota, ya matso kusa da gidan maki, ya waiga bai ga kowa ba, ya ruga hagu ya jefa. Mai tsaron Chiefs Darrelle Revis ya daka tsalle ya mare ƙwallon, sai ta dawo hannun Mariota ɗin, ya cafke ya faɗa da ita cikin gida. Mutum ya jefa wa kansa ya ci. Daga nan Derrick Henry na Titans ya yi ta ratsa su da gudu. Chiefs ba ta ƙara ko maki ɗaya ba, aka tashi 22 da 21. Ba adalci ba ne a ɗora wa Smith wannan faɗuwa shi kaɗai, amma ita ce ta huɗu cikin wasa biyar na sili-ɗaya-ƙwale da ya jagorance su. Ranar 30 ga Janairu, 2018, labari ya fito cewa an amince a tura shi Washington, a karɓi mai tsaro Kendall Fuller da gurbin zagaye na uku. Reid ya taɓa yin irin haka a 2010, lokacin da yake kocin Filadelfiya ya tura kwatabak ɗinsa Donovan McNabb zuwa wannan Washington ɗin.

Akwai kuma lissafin kuɗi, wanda in babu shi ba za a fahimci ko ɗaya daga cikin irin waɗannan shawarwari ba. NFL na da rufin albashi da babu ƙungiyar da za ta haura, ko mai ita ya fi kowa arziki. A 2017 dala miliyan 167 ne, a raba wa 'yan wasa fiye da 50. Kafin 2011 sababbin shiga kan yi ciniki yadda suka ga dama, har Sam Bradford ya samu kwantiragin dala miliyan 78 a 2010 bai taɓa buga wasa ko ɗaya ba. Yarjejeniyar 2011 ta ƙayyade abin da za a biya su, Cam Newton da ya zo na ɗaya a shekarar ya tashi da miliyan 22. Tun daga nan babu garaɓasa a gasar kamar kwatabak matashi mai hazaƙa. Kwantiragin Mahomes na farko bai wuce dala miliyan 16 da 'yan kai ba na shekara huɗu, alhali Washington ta ba Smith sabon kwantiragi na miliyan 94. Rarar da aka samu ita aka zuba wajen ɗauko wasu 'yan wasan.

Sauran labarin sananne ne. A kakar 2018 Mahomes ya jefa yadi 5,097 da tacdawun 50, aka zaɓe shi gwarzon gasar. A Fabrairun 2020 Chiefs ta ɗaga kofin da rabonta da shi shekara 50, ta sake ɗagawa a 2023 da 2024. Buffalo da ta sayar da gurbin ta samu nata gwanin, Josh Allen, a 2018, amma sau huɗu Chiefs na fitar da ita daga gasar tsakanin 2021 da 2025. Da lokacin biyan Mahomes ya yi, aka ba shi kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 450 a 2020, rufin albashi ya matse su har suka rabu da Tyreek Hill a Maris na 2022, suka karɓi gurabe biyar daga Miami.

Kada mai karatu ya ɗauka an gano wani sirri da kowa zai kwaikwaya ya dace. San Francisco ta gwada a 2021: ta ba da guraben zagayen farko na shekaru masu zuwa ta ɗauki Trey Lance a na 3, ta zaunar da shi bayan Jimmy Garoppolo. Wasa huɗu kacal ya fara mata, rauni ya ci ƙarfinsa, ta tura shi Dallas a 2023. Wanda ya cece ta shi ne Brock Purdy, na 262, mutum na ƙarshe da aka kira a zaɓen 2022. A ɗaya ɓangaren, Jayden Daniels bai zauna ko wasa ɗaya ba a 2024, ya kai Washington wasan kusa da na ƙarshe. Zaman benci shi kaɗai ba ya mayar da kowa gwani, kuma rabo na da nasa kaso.

Duk da haka ina nan a kan ra'ayina cewa gidan da yaro ya sauka ya fi lambar gurbin da aka ɗauke shi tasiri, kuma Chicago ce hujjata. Sau uku cikin shekara takwas ta ɗauki kwatabak a zagayen farko: Trubisky a 2017, Justin Fields a 2021, Caleb Williams a 2024. Sau ukun kuma kocin da ya karɓi yaron bai ga kakarsa ta biyu ba. An kori John Fox, an kori Matt Nagy, an kori Matt Eberflus tun kaka ba ta ƙare ba. Kowane cikin yaran nan sai da ya sake koyon sabon tsari daga tushe a shekararsa ta biyu. Ana yawan yi wa Bears gorin barin Mahomes, ni kuwa ba na jin da sun ɗauke shi za mu ga Mahomes ɗin da muka sani. Waɗanda kuma suka nemi gajeriyar hanya ta sayen babban suna sun fi kowa asara. Cleveland ta ba da guraben zagayen farko uku a 2022 ta ɗauko Deshaun Watson, ta lamunce masa dala miliyan 230 ko ya buga ko bai buga ba. Denver ta ba Russell Wilson kwantiragin miliyan 245 a wannan shekarar, ta sallame shi a Maris na 2024, ta bar wa kanta nauyin miliyan 85 a lissafin rufin albashi a kan mutumin da ba ya tare da ita.

Wanda ba na so a manta da shi a cikin duk wannan lissafi shi ne mutumin da aka tura Washington. Ya fara da ƙafar dama, sun ci wasa 6 cikin 9 na farko. Ranar 18 ga Nuwamba, 2018, a wasa da Houston, Kareem Jackson da J.J. Watt suka kayar da shi, ƙafarsa ta dama ta karye har ƙashi ya huda fata. Ƙwayar cuta ta shiga raunin, ta kai ga likitoci na tunanin yanke ƙafar don ceton ransa. Sau 17 aka yi masa tiyata. Yana cikin wannan jinya tsohuwar ƙungiyarsa ta buga Super Bowl da San Francisco, ƙungiyar da ta fara ɗaukarsa. Chiefs ta ci 31 da 20, kuma wanda ya daka tsalle ya cafke jifan Garoppolo na ƙarshe ya rufe wasan shi ne Kendall Fuller, wanda aka karɓa a madadin Smith.

Wata guda bayan haka kwantiragin Fuller ya ƙare, ya koma Washington. A watan Oktoba na 2020 Smith ya sake shiga fili da ƙafar da aka yi wa dashen tsoka, shi da Fuller sanye da riga iri ɗaya. Wasa shida ya fara a kakar, suka ci biyar, ƙungiyar ta zo ta ɗaya a rukuninta, aka ba shi kyautar ɗan wasan da ya fi kowa farfaɗowa a shekarar. Washington ta sallame shi a watan Maris na 2021, shi kuma ya sanar da ajiye wasa a watan Afrilu yana da shekara 36.